Ɓawon Gyada a Aljihuna

Saura ƙiris in tsallake wannan wurin, in wuce kai tsaye zuwa ranar sunan 'yar'uwarku Ummi, in bar ku da zaton ubanku da ya tashi neman aure zuwa ɗaya ya yi aka ba shi mata. Abin da ya hana ni, Ummanku ta riga ni. Shekara da shekaru tana ba ku nata labarin a bakin murhu, wai na yi wata biyu ina zuwa zance gidansu ban tambaye ta ko sunanta ba. Wannan ƙari ne. Sunanta na sani tun ranar farko, Zuwaira. Sauran kuwa, to, ku gyara zama ku ji daga bakin mai shi.

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, Shari'a kuma ta shigo Kano, na haura talatin da 'yan kai, ina jan babbar motar wani Alhaji a Rano. Mukan yi lodin hatsi da albasa mu gangara Kurmi. Ikko, Anacha, Fatakwal, duk na sha ruwansu, har Kumasi na taɓa leƙawa. Kuma Allah ya hore mini baki. Duk tashar da na tsaya, kafin in kashe inji an shimfiɗa mini benci, mai shayi ya ɗora ruwa, direbobi su kewaye ni a ce Haladu ya iso, yau akwai labari. Abu ɗaya ne ya gagare ni, aure. Ba wai ban nema ba. Na nema a Rano, na nema a Fammar, na nema a cikin Kibiya har gida biyu. Kuma duk tafiyar iri ɗaya ce, kamar motar da ke mutuwa a kan gada guda kullum. Zuwan farko yarinya ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Zuwa na biyu ta yi dariya. Na uku ta yi murmushi tana kallon ƙofa. Na huɗu a ce tana barci. Na ɗora laifin a kan mahassada, na ɗora a kan 'yan matan zamani, na ɗora a kan warin baƙin mai da ba ya barin jikin direba. Na sayi turare, na sauya hula, har agogo na ɗaura. A banza, zuwa na huɗu dai barci ne.

A gidanmu na Kibiya akwai Iya, mahaifiyar babana. Ba ku riske ta ba, Allah ya jiƙanta. Tun ina ƙarami take kirana angonta, ni kuma in ce mata amarya, irin wasan jika da kaka. Da ta ji sallamata ta san yadda aka kwashe.

"Angona, har an dawo? Yau ma barci take yi?"

"Barci take, amarya."

"Ikon Allah. Kai dai da ka doshi gida sai barci ya kwashe 'yan mata. Da asibiti za su ɗauke ka aiki, da an huta da sayen maganin barci."

Ummanku a kasuwar Kibiya na fara ganinta, tana sayar da man gyada da ƙuli-ƙulin gidansu. Na sayi kwalba biyu, ni da ba ni da murhu. Na bincika aka ce 'yar Malam Iro ce manomi a Fassi, bazawara ce, ta daɗe da gama idda. Na aika aka nema mini izini, Malam Iro ya ce bismilla, amma in sani akwai wani a gabana, Malam Sa'adu tela, kuma ya gaya wa 'yarsa kafin azumi ta fitar da wanda take so cikinmu, shi ba zai zaɓa mata ba. Azumi kuwa saura wata uku da 'yan kwanaki. A lokacin dattawa sun ce zance ya koma da rana, bayan la'asar, a zaure, ƙofa a buɗe. Sai in ari babur ɗin ƙanina in tafi Fassi. Sabuwar gyada ta shigo, saboda haka takan fito da kwanon dafaffiyar gyada mai ɓawo ta ajiye tsakaninmu, ta zauna can gefen tabarma. Ni kuma in buɗe famfo. Na ba ta labarin gadar Anacha, da ranar da birki ya ƙwace mini a Hawan Kibo, da teku a Ikko wadda ba a ganin gaɓarta, da yadda na ci dokunu, tuwon masarar can, a Kumasi barkono ya sa na yi salati da Ashantanci. Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Zuwa na biyu ta yi dariya. Na uku ta yi murmushi. Ni kuwa na san abin da ke biye.

Na tashi zan tafi sai ta ɗauki kwanon ta duba.

"Malam Haladu, gyadarmu ce ba ta yi maka ba? Sau uku ke nan ina mayar da kwano. Ɗan abin da ya ragu ma ni na ci. Inna har ta fara tambaya ko gishiri ne ya yi yawa."

Na ce a'a wallahi, gyada ta yi, na yi 'yan kame-kame na hau babur. Tsakanin Fassi da Kibiya akwai wata tsamiya a bakin hanya, har yanzu tana nan, na sha nuna muku ita ban gaya muku dalili ba. Nan na tsaya na kashe babur na zauna a kan saiwarta. Maganar gyadar ce ta tsaya mini a wuya. Ni da nake son dafaffiyar gyada kamar me, yaya aka yi sau uku ban kai ko ƙwaya ɗaya baki ba? Amsar ba ta da wuya: baki ɗaya Allah ya ba ni, kuma yana kan aiki. Sai na ce to bari in tuno abin da ita ta faɗa a zuwa ukun nan. Na tattara kaf. Sannu da zuwa. Ikon Allah. Kai! A gaida gida. Sai maganar kwano. Shi ke nan. Na zauna ina jin kunyar tsamiya. Shekara goma sha biyar ban taɓa tayar da mota da safe ba sai na duba ruwa, na zaro ƙarfen baƙin mai na goge na sake dubawa, na bi tayoyi ɗaya-ɗaya ina bugawa, sannan in tayar in kasa kunne in ji abin da inji ke cewa. Motar wani ce fa. Amma ni kaina, da na lalace a wuri guda har sau huɗu, ban taɓa buɗe murfin injina na leƙa ba, sai dai in ce hanya ce ba kyau.

Ranar na yanke shawara. Duk sanda na dawo daga zance zan tsaya a tsamiyar nan in duba kaina kamar yadda nake duba mota. Me na ce, me ta ce, me na sani game da ita yau wanda jiya ban sani ba. Kuma tunda direba ba ya yarda da abin da bai gani a geji ba, na ƙirƙiro nawa gejin: duk gyadar da na ci, ɓawon a aljihu zan zuba. In na zo tsamiya in zazzage. Ɓawo da yawa, na yi shiru na saurara. Ɓawo kaɗan, na koma gidan jiya.

Zuwa na huɗu na yi sallama ina jiran a ce tana barci. Ta fito. Wannan kaɗai ya isa a yi mini barka, don ban taɓa kaiwa nan ba. Na ce bismilla na sa hannu a kwano. Na ci, na ci, na ci. In labari ya taso mini har maƙogwaro sai in danne shi da gyada. Ita kuma tana ta satar kallona.

"Malam Haladu, lafiya kuwa? Ko haƙori ne?"

"Lafiya lau."

"Yau ba a je Ikko ba?"

"Ba a je ba."

Na share kwano tas. A tsamiya na zazzage aljihu, ɓawo ya yi tsibi, na ce madalla, Haladu ka gyaru. Haka na yi zuwa uku a jere. Gidan Malam Iro suka ga baƙo ya buɗe ciki sai suka sauya kwano, aka koma fitowa da babba. Na share shi ma. Cikina ya ɗauki ƙugi kamar injin da ruwa ya shiga, Iya ta jiƙa mini kanwa tana dariya har da hawaye.

"Da ka kashe su da surutu, yanzu kuma za ka cinye musu rumbu. Angona, aure ka je nema ko sadakar gyada?"

Gaskiyarta. Domin a zuwa na ukun da na zazzage aljihu na yi wa kaina tambayar ƙarshe, me na sani game da ita yau, sai na ga babu. Daidai da abu ɗaya babu. Geji ya nuna tanki a cike, mota kuwa ba ta motsa ba. Duk direba ya san irin wannan gejin maƙaryaci. Na rufe baki, amma ban buɗe kunne ba, hankalina duk yana kan ɓawo. Ga kwanaki suna tafiya, don kowane mako sai na yi Kurmi na dawo, zuwa ɗaya kawai nake samu.

A wata tafiyar na ce bari in gwada a hanya. Akwai wani mai shayi a Lakwaja, Ɗanjuma, shekara goma ina shan shayinsa ina ba shi labari. Ranar na zauna na ce, Ɗanjuma, wai kai mutumin ina ne? Ya ajiye buta ya dube ni kamar na yi masa Ashantanci. Ya ce Fammar. Fammar fa! Nan bayan gidanmu. Ashe har babana ya sani. Ya yi ta zuba, labarin gonarsu, da abin da ya fito da shi, da 'yarsa da aka aurar bai samu zuwa ba. Shayina ya huce ban sani ba. Na tashi ina cewa ashe haka mutane suke cike da labari, ni na toshe musu hanya da tirelata.

Sai na dawo da sabuwar dabara, tambaya. Tun daga Zariya nake jera su a kai. Na zauna a zaure na fara saukewa. Shekarunki nawa? Wane abinci kika fi so? Ku nawa ne a gidanku? Kin yi makaranta? Kafin ta rufe baki na jefo wata. Ta bari na kai ta shida, sannan ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, lasin zan fara miƙowa ko takardun mota?"

Na yi sororo, sai ta fashe da dariya, ni ma na fashe. Ranar ce farkon ranar da ita ta ba ni dariya. A tsamiya na gane kuskuren: tambayar shingen hanya nake yi, wadda mai yinta ba amsar ce ta dame shi ba. Zuwa na gaba tambaya ɗaya tak na riƙo. Na ce, wai yaya ake yi mai ya fito daga gyada? Jama'a! Ashe Ummanku rediyo ce aka rufe da mayafi. Ta ba ni labarin suya da surfe da markaɗe, da yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har tunkuza ta saki man, da yadda in aka yi gaggawa sai ta ƙi, ko za a kwana ana juyi. Ta gaya mini yadda takan gane gyada mai mai tun a hannu, da burinta na ta samu injin markaɗe ta daina kai wa Kibiya. Na ci gyada daidai misali, ita ma ta ci. Har ta kama ni ina cusa ɓawo a aljihu, ta ce in akuya gare ni in faɗa a tara mini a buhu.

Daga nan zance ya yi daɗi. Ina komawa tsamiya da guzuri, kullum da sabon abin da na sani. Sai dai fa nan ma motar ta sake tsayawa. Hira lafiya, dariya lafiya, amma da na karkato da maganar aure sai ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Sau biyu haka. Azumi saura mako biyu. Na ji labari Malam Sa'adu tela har ya auna Malam Iro zai ɗinka masa rigar Salla. Ni kuwa me zan auna? Na zauna a gindin tsamiya na zazzage aljihu, ɓawo daidai, tambayoyina duk da amsa, amma ba ci gaba. Na daɗe ina juya ɓawon nan a tafin hannu. Can sai na ce, kai Haladu, wata biyu kana kallon naka ɓawon, ka taɓa kallon nata? Na rufe ido na dawo da zaman ranar tun daga sallama. Hannun Zuwaira ba ya hutawa, tana magana tana ɓare gyada, tana saurare tana ɓarewa. Amma ranar sau biyu hannun ya tsaya cak. Na farko da na ce jibi zan yi Anacha. Na biyu da na ce in na dawo zan riƙo mata atamfa. Na ƙara komawa baya, zuwan da ya wuce, da wanda ya gabace shi. Duk sanda na ambaci Kurmi, hannun nan sai ya tsaya.

Da na koma, bayan gaisuwa na ce mata:

"Zuwaira, na lura duk sanda na ce zan yi Kurmi sai hannunki ya tsaya. Me Kurmi ta yi miki?"

Ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Ku da kuka san ubanku kun san abin da na sha. Labarai goma suka taso za su cike wurin, na jefa gyada a baki har da ɓawonta na danne. Sai can ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Mijina na fari albasa ya kai Kurmi. Ya ce kwana goma. Na yi shekara uku ina share ɗaki ina jiran kwana goman nan. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Sai da alƙali ya raba auren. Malam Haladu, ban ƙi ka ba. Ka sa ni dariya, na daɗe ban yi ba. Amma duk labarinka na tafiya ne, ban taɓa jin ka ba da na dawowa ba. Tela kuwa ba ya ba ni dariya, amma in na shiga kasuwa ga shi nan a kan kekensa. Jiya yana nan, yau yana nan."

Wato duk ranakun da nake zuba mata gadar Anacha da birkin Hawan Kibo ina jin ni gwani ne, ashe tsohon miki nake fama mata. Na koma gida na tasa Iya a gaba, na ce amarya, kin san wannan?

"Duk Kibiya wa bai sani ba? Har awakin Fassi sun sani."

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Ta wace ƙofa? Ka taɓa barin ta a buɗe?"

A makon nan ne kuma Alhaji ya aiko in zo Rano in ga sabuwar motar da ya sayo, fil a leda, ya ce ni zai ba. Abin da na yi shekara goma sha biyar ina mafarki. Na je na zagaya ta, na shafa ta, na hau na riƙe sitiyari, ƙamshin sabuwar kujera ya cika mini hanci. Na ce Alhaji ya ba ni kwana biyu. Na tafi tsamiya, ba daga zance ba, takanas. Ban taɓa daɗewa a gindinta kamar ranar ba, tun hantsi har azahar. Na so in yi wa kaina wayo, in ce ai zan riƙa dawowa a kan lokaci, zan riƙa aiko da saƙo. Amma na riga na saba gaya wa kaina gaskiya a wurin nan, bakin ya ƙi ƙaryar. Mijinta na fari ma cewa ya yi kwana goma. Alkawari ba zai yi mata magani ba, sai abin da ido ya gani. Kuma kada in ɓoye muku, ina son hanya. Ba don abinci kawai ba, sonta nake. Na auna su biyun, na tashi na tafi Rano na miƙa wa Alhaji makulli.

"Haladu, kanka ɗaya? Saboda mace?"

"Saboda gida, Alhaji."

Ya girgiza kai, ya yi mini addu'a, mutumin kirki ne. Abokan aiki kuwa suka samu abin yi, wai Haladu ya sauka daga giwa ya hau akuya. Akuyar ita ce wata tsohuwar fijo da na samu a tashar Kibiya, mai jigilar Kano, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Da ita na tafi Fassi, ranar da ba ta zance ba. Na tsayar da ita a ƙofar gidan Malam Iro tana tari. Zuwaira ta fito da kwanonta, ta dubi motar ta dube ni. A rayuwata ban taɓa yin gajeren jawabi kamar na ranar ba.

"Na ajiye babbar mota. Kibiya zuwa Kano, Kano zuwa Kibiya. Magariba a gida."

Ta zauna ta ɗebi gyada ta yi ta ɓarewa, hannun bai tsaya ba, har ta tara cikin tafi. Sai ta zuba a murfin kwano ta turo gabana. Sannan ta leƙa waje ta ce, wannan kuwa za ta kai Kano?

Kwana uku kafin a ga wata Malam Iro ya aiko a turo manya. Bayan Salla aka ɗaura. Rigar angwancina Malam Sa'adu ne ya ɗinka, ya ɗan matse wuyan, na yafe masa. Ranar da aka kawo amarya Iya ta kira ni gaban mata ta ce, to angona, yau na sallame ka, Allah ya ba wannan baiwar Allah haƙurin kunne.

Tun daga shekarar ban sake ganin teku ba. Har gobe in babbar mota ta wuce da lodi ta nufi kudu, idona yakan bi ta har ta sha kwana. Shi ya sa labaran da nake ba ku duk tsofaffi ne, kun haddace su, in na fara Hawan Kibo ɗan'uwanku Abba yakan ƙarasa mini. Amma ban taɓa yin magariba a wani gari ba tare da Ummanku ta san inda nake ba, kuma injin markaɗen da ke damun ku da ƙara kowace safiya, a zauren Fassi na fara jin labarinsa, ranar da na yi tambaya ɗaya na rufe baki.

Da na gama rubuta wannan na ce bari in karanta mata, kada a ce na yi ƙari. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye kwanon dafaffiyar gyada, ta zauna. Na karanta tun daga farko, ina tsayawa ina ƙarin bayani, wurin Ɗanjuma har na tashi tsaye ina kwaikwayon yadda ya ajiye buta, na ɗan ratsa Kumasi na dawo. Tana ji tana ɓare gyadarta. Da na kai ƙarshe na rufe littafi na ce to, yaya kika ji? Ta dubi tsibin ɓawon da ke gabanta, ta dubi gabana fayau.

"Malam, wannan gyadar ci za ka yi, ko in mayar da kwano?"